Baƙo ya yi ɓaram-ɓarama a shirin kai tsaye: wa doka za ta kama?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina gabatar da shirin siyasa na kai tsaye a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Arewa, ina kuma ɗora guntayen shirin a shafina na Facebook. Makon jiya wani baƙo ya ce wani shugaban ƙaramar hukuma ya cinye kuɗin taki. Manajanmu ya ce kada in damu tunda ba ni na faɗa ba, kuma ai kotu ta hana NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, cin tara. Barista, haka ne? Idan kuma maganar gaskiya ce fa?"

Ƙanena, abu biyu manajanka ya faɗa maka. Na farko kuskure ne tsagwaronsa. Na biyu gaskiya ne, sai dai gaskiya ce da ba za ta tsinana maka komai ba ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar tasharku.

Mu fara da "ba ni na faɗa ba". A shari'ar ɓata suna, abin da ake kama mutum da shi shi ne yaɗa maganar. Baƙonka ya faɗe ta a cikin situdiyo, inda mutum uku ko huɗu ne za su ji. Kai da tasharka kuka ɗauke ta kuka zuba a kunnen jama'ar jiha guda. Saboda haka mai ƙara yana da damar ya haɗa baƙon, da kai, da furodusa, da kamfanin da ya mallaki tashar, duk a takarda ɗaya. Yawanci kamfanin ake sa wa ido don kuɗi, kai kuma a sa sunanka don a razana ka. Sanarwar nan da kuke sakawa a farkon shiri, cewa ra'ayin mai magana nasa ne ba na tasha ba, ladabi ce kawai. Ba ta wanke kowa a kotu. Haka nan takardar da sojojin baka ke sa wa hannu idan sun sayi fili, cewa sun ɗauki alhakin abin da suka faɗa: amfaninta shi ne tashar ta bi su ta karɓi abin da ta yi asara, ba ta hana wanda aka ɓata wa suna ya maka tashar a kotu.

Guntun da ka ɗora a Facebook ya fi damuna a kan shirin kansa. A shirin kai tsaye kana da abin faɗa: magana ta kuɓuce wa baƙo, ban san zai faɗe ta ba, na tare shi. Amma guntun bidiyo, kai ka zauna ka saurara, ka yanko daidai wurin, ka sa masa kanu, ka tura. Wannan sabuwar yaɗawa ce da hannunka, a shafinka, kuma ta shigar da kai ƙarƙashin wata doka daban da zan zo kanta.

Akwai dabaru biyu da 'yan jaridarmu suka ɗauka laya ce. Ɗaya ita ce "wai". Wai an ce, ana zargin, majiya ta shaida mana. Wanda ya maimaita ƙazafi, a idon doka, daidai yake da wanda ya ƙirƙire shi, don haka "wai" ba ta rage komai sai dai idan da gaske rahoton wani zama kake bayarwa wanda doka ta ba shi kariya, kamar zaman kotu ko na majalisa, kuma ka kawo shi daidai ba tare da son kai ba. Ta biyun ita ce habaici. Mu Hausawa gwanaye ne a nan: ba za a ambaci suna ba, sai a ce "wani ciyaman mai sabon gidan mai a bakin hanyar shiga gari". Alƙali ba sunan yake nema ba. Tambayarsa ita ce, mutanen da suka san mai ƙara, da suka ji maganar, sun gane da shi ake? Mai ƙara zai kawo mutum biyu daga garinsu su rantse cewa suna ji suka gane, shi ke nan gugar zanar ta zama ambaton suna.

To, wanda aka taɓa yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce ƙarar neman diyya a babbar kotu. Wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma ita ce manyanmu ba sa so, domin tana cin shekaru, kuma dole mai ƙara ya shiga akwatin shaida lauyan wanda ake ƙara ya yi masa tambayoyi a bainar jama'a. Ka tuna ƙarar da tsohon gwamnan Kano Abdullahi Ganduje ya shigar a kan Jaafar Jaafar da jaridar Daily Nigerian bayan faya-fayen bidiyon 2018, waɗanda gwamnan ya musanta. Naira biliyan uku ya nema. A 2021 ya janye ƙarar, kotu kuma ta umarce shi ya biya naira dubu ɗari takwas na ɗawainiyar da ya jawo wa waɗanda ya yi ƙara. Duk ɗan siyasar da ya ga wannan ya san ƙofar farko tana iya juyowa kansa.

Shi ya sa ake bin ta biyu, wato ofishin 'yan sanda. A jihohin Arewa ɓata suna har yau laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Final Kod ɗin da muke aiki da shi, wato kundin dokar laifuffuka, an yi shi a 1959, ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, wanda shi ma daga na Indiya aka samo shi. A tsohon lissafinsa sashe na 391 ne ya fayyace ɓata suna, na 392 ya yanka hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, na 393 kuma ya yi magana a kan ƙaryar da ke cutarwa. Kusan kullum sai an haɗa da sashe na 114 na tunzura jama'a, da na 399 na cin mutunci da gangan. Wasu jihohin, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta nasu, lambobin sun canza amma laifuffukan suna nan. Legas ta cire ɓata suna daga dokar laifuffukanta tun 2011. Mu ba mu bi sahu ba. Idan kuma maganar ta shafi jifan wani da zina, a jihohin da ke aiki da dokokin shari'ar Musulunci wannan ƙazafi ne mai haddin bulala tamanin, kuma ba a kotun majistare za ka tsinci kanka ba.

Mutane suna raina kotun majistare, alhali a nan ake yin ɓarnar. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu na wata guda, saboda wani bidiyo da suka yi a kan gwamnan lokacin. Abin lura a wannan shari'a shi ne sun amsa laifi. Da zarar ka ce "na aikata, a yi mini sassauci", ka rufe wa lauyanka baki, babu sauran maganar hujja ko kundin tsarin mulki. Yawancin waɗanda ke amsawa suna yi ne don an ce musu ita ce hanyar komawa gida da wuri.

Sai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda ita ce guntun Facebook ɗinka ya jawo maka. Sashe na 24 nata, yadda aka fara rubuta shi, ya haramta tura saƙon da ke ɓata wa wani rai, ko cin fuska, ko jawo ƙiyayya, da hukuncin tarar da ta kai naira miliyan bakwai ko ɗaurin shekara uku. Ka duba faɗin wannan: wane labarin bincike ne ba ya ɓata wa wani rai? Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki a 2020, ta sake faɗa a 2022. A Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga hotunan batsa da kuma saƙon da mai tura shi ya san ƙarya ne, ya tura don ya jawo rushewar doka da oda ko barazana ga rai. A takarda wannan babban ci gaba ne, domin zargin cin kuɗin taki ba ya shiga ciki sai an yi masa dole. Amma ko wata uku ba a yi da gyaran ba aka ɗauke Daniel Ojukwu, ɗan jaridar bincike, a Legas, aka wuce da shi Abuja, ya yi kusan kwana goma a tsare da sunan wannan doka, saboda rahoton da ya yi a kan kuɗin wata kwangila. Ɗan sandan da aka kai wa koke ba ya zama ya auna ko sashen ya dace. Sunan dokar kawai yake bukata a saman takarda.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe daga duk amsar nan. Mai ƙara a irin wannan shari'a sau da yawa bai damu da a same ka da laifi ba. Kwanakin da za ka yi a tsare kafin alƙali ya buɗe fayil, su yake nema. Na taɓa tsayawa wa wani mai gabatar da shiri da aka gayyata "ya zo a yi magana" ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya tafi shi kaɗai, don yana ganin bai yi laifi ba. Kafin in isa an ce mai sa hannu a beli ya tashi, sai Litinin. Ranar Litinin aka kai shi gaban majistare da tuhumar da ba ta da hurumin saurara, domin laifuffukan dokar intanet na Babbar Kotun Tarayya ne, aka nemi a ajiye shi kafin a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Da ya fito, ba wanda ya sake tayar da maganar, fayil ɗin ya kwanta. Amma shirin nasa bai sake komawa yadda yake ba, shi da kansa ya riƙa tace baƙinsa fiye da yadda kowace hukuma za ta tace masa.

Doka ba ta goyi bayan wannan ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita arba'in, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗaukar matarka ko ƙaninka don ka fito. Akwai kuma hanyar gaggawa ta neman kotu ta kare haƙƙin ɗan Adam, wadda ake iya samun diyya da ita. Sai dai duk waɗannan lauya ne ke motsa su, kuma lauyan da aka kira tun kafin a shiga ofishin ya fi wanda aka kira bayan an karɓe waya da takalmi amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar NBC. An kafa hukumar da dokar soja ta 38 ta 1992, lokacin da aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar rediyo da talabijin. Ta daɗe tana zama mai ƙara, mai bincike, kuma alƙali. A 2020 ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu ɗari biyar zuwa miliyan biyar. A shekarar ta ci Channels da AIT da Arise miliyan uku-uku saboda zanga-zangar EndSARS. A farkon 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM, a watan Agusta kuma ta ci Trust TV miliyan biyar saboda shirinta a kan 'yan bindigar daji. Ƙungiyar Media Rights Agenda ce ta kai ƙara, kuma a watan Mayun 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon yanke wa kowa tara, ya soke wadda ta ɗora wa tashoshi 45 a 2019. A Janairun 2024 wata alƙaliyar kotun ta yanke irin wannan hukunci a kan tarar 2022. Har nan manajanka yana da gaskiya. Abin da bai faɗa maka ba shi ne lasisin tashar yana hannun hukumar, sabunta shi ma haka, kuma mai tashar da ya zuba miliyoyi ba zai yi jayayya da wasiƙar gargaɗi saboda kai ba. Sannan hukuncin tsakanin tasha da hukuma ne. Bai taɓa ƙarar ɓata suna ba, bai taɓa Final Kod ba, bai taɓa sashe na 24 ba.

Wani abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne gwamnoni su rufe tasha da bakinsu. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Gusau, har da NTA ta gwamnatin tarayya, don sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. NBC da kanta ta ce ba su da wannan iko, aka janye. A 2025 gwamnan Neja ya ba da irin wannan umarni a kan Badeggi FM ta Minna. Harkar lasisin watsa shirye-shirye ta tarayya ce, gwamna ba shi da hurumi a ciki. Amma gwamna yana da tallace-tallacen gwamnati, yana da takardar filin da tashar ke kai, kuma waɗannan ba sa bukatar umarnin kotu.

Kada ka ɗauka cewa manyan kotuna ba sa tare da ku. Tun 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda sukar gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Anambra, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar hana tunzura jama'a a kan gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka bari ba ta da wurin zama a ƙasar da ke da 'yancin magana. Shekara guda bayan nan soja suka kawo doka ta 4 ta 1984 suka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, wanda ya nuna maka yadda abin ke tafiya gaba yana dawowa. Sashe na 39 na kundin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗa da yaɗa ra'ayi, sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi don tsaro da haƙƙin wasu. Sashe na 22 da kuke yawan karantowa, wanda ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati, yana cikin babin da ba a iya kai ƙara a kansa. Nauyi ya ɗora muku, bai ba ku garkuwa ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe: idan gaskiya ce fa? A ƙarar diyya, gaskiya cikakkiyar kariya ce, amma kai ne za ka tabbatar da ita, ba mai ƙara ne zai tabbatar da ƙarya ba. A Final Kod kuma an ƙara sharaɗi: ta zama gaskiya, kuma faɗarta ta zama don amfanin jama'a. Kuɗin taki ya cika wannan sharaɗi ba tantama. Matsalar ita ce "kowa ya sani a garin" ba hujja ba ce. Hujja ita ce takardar fitar da kuɗi, da adadin buhunan da aka ce an saya, da wanda ya karɓa ya sa hannu, da manomin da zai yarda ya tsaya gaban alƙali. Na sha ganin baƙon da ya buga ƙirji a makirfo cewa yana da takardu, ranar da aka neme shi sai wayarsa ta daina shiga.

A nan ne nake jin haushin yadda kuka yi watsi da dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma hukumar tana da kwana bakwai ta amsa. Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar tarayya ce ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Edo, cewa ta hau kan jihohi ma. Ba na ce za su ba ka takardun ba. Sau da yawa shiru za ka ji. Amma kwafin wasiƙarka mai hatimin "an karɓa" da kwanan wata yana nuna wa kowace kotu cewa ka nemi gaskiya kafin ka yi magana, kuma shirun nasu labari ne da za ka iya karantawa a iska ba tare da fargaba ba: mun tambaya ranar kaza, har yau ba amsa.

Game da abin da ya riga ya faru, ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka sauke guntun daga Facebook yau, amma ka adana shi, ka kuma adana cikakken rikodin na shirin daga farko har ƙarshe, domin idan ka tare baƙon ko ka nemi ya kawo hujja, wannan rikodin ne shaidarka, kuma dokar shaida ta 2011 tana karɓar irinsa idan an cika ƙa'idar sashe na 84. Ka rubuta wa ciyaman ɗin, a rubuce ba a waya ba, ka ba shi fili daidai da wanda aka ba mai zarginsa. Ka nemi baƙon ya kawo takardunsa cikin kwana biyu. In ya kasa, ka faɗa a shirin, a daidai lokacin da aka yi maganar farko, cewa tashar ba ta da hujjar wannan zargi. Gyara da aka yi da wuri yana rage diyya sosai, sau da yawa ma yana kashe maganar, don da yawansu abin da suke so shi ne a ji nasu ɓangaren. Amma kada ka rubuta wasiƙar ban haƙuri da kanka ka aika. Lauya ya duba kalmomin, don kada ta zama takardar amsa laifi.

Nan gaba kuma, idan baƙo ya jefo irin wannan, kada ka yi dariya, kada ka ce "to fa" ko "Allah ya kyauta", don a rikodin waɗannan suna fitowa kamar amincewa. Ka tare shi nan take: Malam, wannan zargi ne mai nauyi, kana da takarda a hannunka yanzu? In babu, ka ce ba za a ci gaba da shi ba sai an ji ɗaya ɓangaren. Ka matsa wa tashar ta sayi na'urar jinkirta sauti ta 'yan daƙiƙoƙi, musamman saboda masu bugo waya. Idan kuma maganar ta karkata ga addini ko ƙabila, ka yanke kawai, kada ka tsaya muhawara. Wanda ya ga tarzomar da rubutu ɗaya a jaridar ThisDay ya jawo a Kaduna a 2002 ya san a wannan fagen kotu ce ƙaramar damuwa.

Ka kuma ɗauko takardar ɗaukar ka aiki, idan an ba ka, ka duba ko akwai inda aka ce tashar za ta ɗauki lauya ta kuma tsaya maka a kan abin da ya faru a bakin aiki. A yawancin waɗanda ake kawo mini babu wannan layin, wasu ma babu takardar gaba ɗaya. Tunda manajanka ya ce kada ka damu, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta maka hakan ya sa hannu.